Shin Akwai Mai Tafiya Shi Kaɗai? Tunani a Kan Hanyar Tafkin Gishiri

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu, har ma da waɗansu manya. Idan aka yi wa mutum faɗa a kan gudu da abin hawa, ko a kan wata kasada da ya ɗauka ba dalili, sai ya ce: "Ai raina ne. In na mutu, ni na mutu. Wa na cuta?" Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, gama mutum ba bawan kowa ba ne, kuma an ba shi hankali da 'yancin zaɓi domin ya yi amfani da su. Duk da haka ya kamata mu auna ta da kyau kafin mu karɓe ta. Hanyar auna magana kuwa ita ce a kai ta wurin da ta fi ƙarfi, a ga ko za ta tsaya da ƙafafunta. A cikin gari, inda mai babur zai iya kaɗe yaro ko tsohuwa, ba wuya a ƙaryata ta. Saboda haka bari mu kai ta can nesa, cikin hamadar tsakiyar ƙasar Ostareliya, inda mutum zai iya yin tafiya mai tsawo bai haɗu da ɗan Adam ko ɗaya ba. Idan akwai inda ran mutum zai zama nasa shi kaɗai, to, can ne.

Hanyar da ranar tafiya

A jihar Kudancin Ostareliya akwai wani ƙaramin gari mai suna Marree, fiye da kilomita 600 arewa da birnin Adelaide. Daga nan wata hanya ta tashi, wadda ake kira Hanyar Oodnadatta, ta nufi arewa maso yamma, ta yi fiye da kilomita 600 kafin ta haɗu da babban titi a Marla. Galibinta ba kwalta. Ƙasa ce da tsakuwa da jajayen duwatsu, wani wuri gargada mai kaɗa haƙora, wani wuri kuma ƙura mai laushi kamar gari wadda take ɓoye rami. Masu sha'awar yawo da babur daga ƙasashe dabam-dabam sukan zo su bi ta, yawanci tsakanin watan Mayu da Satumba, wato lokacin sanyin ƙasar. Da bazararsu ba a wasa da wurin. A ranar 2 ga Janairu 1960 an auna zafin da ya kai digiri 50.7 a ma'aunin Salshiyos a garin Oodnadatta, kuma shi ne mafi tsananin zafi da aka taɓa aunawa a ƙasar, sai wani gari na yammacinta da ya kamo shi a 2022.

Mai babur da ya tashi daga Marree da sassafe, yana so ya kwana a Oodnadatta, yana da kimanin kilomita 400 a gabansa. A tsakanin garuruwan biyu, wuri ɗaya ne kawai zai sami man fetur, wato William Creek, wanda yake kusan tsakiyar hanya. Mazaunan William Creek na dindindin ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu da na ƙafa ba. Ƙauyen yana kewaye da gonar kiwon shanu ta Anna Creek, wadda ita ce mafi girma a duniya, faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 15,000. Saboda haka matafiyi yakan ɗaura jarkar mai da ta ruwa, da kayan facin taya, da famfon iska, ya sa hular kwano, ya kama hanya.

Kafin rana ta yi tsaka zai iso inda hanya ta ratsa gefen kudancin Tafkin Eyre, wanda tun 2012 aka haɗa masa sunansa na asali, ake kiransa Kati Thanda-Lake Eyre. Wannan shi ne tafki mafi girma a Ostareliya, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 9,500, kuma nan ne wuri mafi ƙasa a duk nahiyar, kimanin mita 15 ƙasa da bakin teku. Sunan tafki ne dai, amma yawancin shekaru ba ruwa a cikinsa sai farin gishiri shimfiɗe iyakar ganin ido. Ruwan saman da yake sauka a yankin a shekara bai cika kai milimita 150 ba, rana kuwa tana iya busar da fiye da mita 2. Galibi sai an yi ambaliya can arewa a jihar Queensland ruwa yake gangarowa ta koguna, ya yi makonni yana tafe, kafin ya iso. A 1974 tafkin ya cika fiye da yadda aka taɓa rubutawa, a 2025 ma ruwa mai yawa ya sake shiga cikinsa.

Alherin da yake cikin tafiyar

Kafin mu yi hukunci, adalci ne mu fara da abin da yake daidai. Mutanen nan ba fatauci ya kai su ba, ba kuma neman abinci ba. Wani cikinmu zai ce wannan wasa ne na wanda cikinsa ya ƙoshi. Amma kada mu yi saurin raina shi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma akwai ilimin da ba a samunsa sai an fita daga hayaniya. Wanda ya kashe injin babur a bakin tafkin nan, ya tsaya inda ba itace, ba gida, ba muryar kowa, yakan gane ƙanƙantarsa yadda ba zai gane ta a kasuwa ba. Yakan kuma koyi jimiri, da haƙuri da gajiya, da darajar kofi ɗaya na ruwa. Hutu da sha'awar ganin halitta ba laifi ba ne. Wanda bai taɓa tsayawa ya yi mamakin duniya ba, ya yi hasarar wani abu da aka yi dominsa.

Haka kuma ba kowace kasada ce mugunta ba. Manomi yana kasada da irinsa, mai jego ta yi kasada da ranta, ɗan kasuwa da jarinsa. Rayuwar da aka tsare daga kowane irin haɗari takan zama kurkuku. Don haka tambayarmu ba ta hana tafiya ba ce. Abin da muke so mu sani shi ne ko gaskiya ne mai babur ɗin nan shi kaɗai yake, har da zai ce abin da ya same shi bai shafi kowa ba.

Waɗanda suka riga shi

Mu dubi hanyar kanta. Me ya sa ta bi ta inda ta bi? A ƙarƙashin wannan busasshiyar ƙasa akwai wani babban rumbun ruwa wanda ya shimfiɗu a ƙarƙashin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na Ostareliya. A gefensa na kudu maso yamma ruwan yakan ɓullo sama a maɓuɓɓuga masu kama da ƙananan tuddai, a jere kamar tsakiyar carbi. Matafiyi zai ga waɗansu daga cikinsu kusa da Coward Springs, tsakanin Marree da William Creek. Dubban shekaru kafin zuwan Turawa, mutanen Arabana da maƙwabtansu sun san kowace maɓuɓɓuga da sunanta da labarinta, suna bin su wajen fatauci da zumunci. Sa'ad da John McDouall Stuart ya ratsa nahiyar daga kudu zuwa arewa a 1862, waɗannan maɓuɓɓugan ne suka buɗe masa hanya. Layin wayar tangarahu da aka gama a 1872 ya bi sawunsa. Layin dogo ya biyo baya, ya isa Oodnadatta a 1891, ya kai Alice Springs a 1929, aka kuma bar amfani da shi a 1980 bayan an gina sabo can yamma. Har yanzu mai babur yana wucewa ta kufan tashoshinsa da tsohuwar gadar ƙarfe ta Algebuckina.

Kafin jirgin ƙasa ya kai ko'ina, raƙuma ne suke ɗaukar kaya. Masu korarsu, galibinsu Musulmi daga Afganistan da yankunan da yanzu suke cikin Pakistan da Indiya, sun zauna a Marree, sun gina ɗaya daga cikin masallatai na farko a ƙasar. Daga wannan gari ne kuma wani direba mai suna Tom Kruse ya riƙa kai wasiƙu da kayan masarufi zuwa Birdsville, tafiyar fiye da kilomita 500 cikin rairayi, daga 1936 har zuwa 1957. A yau ma akwai masu tuƙa motar gyaran hanya da suke baje gargada, da direban tankar da ya kawo man da ake sayarwa a William Creek, da waɗanda suka yarda su zauna a wurin da mutane ba su kai ashirin ba domin mai wucewa ya sami ruwa da abinci.

Ashe wanda ya ce shi kaɗai yake tafiya, a kan wahalar mutane da yawa yake tafiya. Bai haƙa rijiya ba, bai share hanya ba, bai kawo mai ba. Abin da yake kira 'yancinsa, waɗansu ne suka gina shi da guminsu, waɗansu ma da ransu. Wannan ba abin kunya ba ne, gama haka rayuwar kowane ɗan Adam take tun daga ranar da aka haife shi. Abin kunya shi ne mutum ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta.

Wa yake biyan kuɗin ganganci?

Yanzu mu ɗauka babur ya shiga ramin ƙura da gudu, ya kayar da mai shi, ƙafa ta karye, kilomita ɗari daga gari mafi kusa. A zamanin da, wannan hukuncin mutuwa ne sau da yawa. Ganin irin wannan hali ne ya sa wani limamin Ikkilisiyar Faresbiteriyan mai suna John Flynn ya kafa aikin likitoci masu zuwa da jirgin sama, wanda ya fara tashi daga Cloncurry a 1928. A shekara ta gaba Alfred Traeger ya samar da rediyon da ake ba wuta ta wurin juya feda da ƙafa, domin mutanen daji su iya kiran likita. Aikin yana nan har yau, kuma yana da sansani a Port Augusta wanda yake kula da wannan yanki. Saboda haka idan matafiyinmu ya danna na'urar neman agaji da yake ɗauke da ita, mutane za su tashi: ɗan sanda, makiyayi daga gona mafi kusa, matuƙin jirgi, ma'aikaciyar jinya. Waɗansunsu za su tuƙa mota da dare a hanyar da ta kayar da shi.

Wani zai ce, ai aikinsu ke nan, don haka ake biyansu. Gaskiya ne aikinsu ne, kuma za su zo ba tare da sun tambaya ko laifin wane ne ba. Amma jirgi ba ya zuwa wuri biyu a lokaci ɗaya. Sa'ar da ya tafi ɗauko wanda ya jawo wa kansa, wataƙila akwai mace mai naƙuda a wata gona, ko yaron da maciji ya sara, suna jira. Makiyayin da ya bar aikinsa bai sa hannu a kan wata yarjejeniya ba. Tausayi ne ya fito da shi. Akwai kuma uwa, ko mata, ko 'ya'ya a wata ƙasa mai nisa, waɗanda ba a shawarce su ba, amma su ne za su ɗauki baƙin cikin har ƙarshen ransu. Mai cewa "in na mutu, ni na mutu" ya manta cewa mamaci ba ya binne kansa.

Hamadar nan ba ta yafe ƙaramin kuskure. A watan Disamba na 1998 waɗansu baƙi biyu daga ƙasar Ostiriya suka bi ƙaramar hanyar da ta rabu kusa da William Creek zuwa bakin tafkin, motarsu ta kafe a rairayi cikin tsananin zafi. Suka fara takawa da ƙafa. Namijin ya juya ya koma wurin motar, inda akwai ruwa da inuwa, ya rayu. Macen ta ci gaba, ta mutu a hanya. An kafa alamar tunawa da ita a gefen hanyar. Ba mu kawo wannan domin mu zarge ta ba, Allah ya ji ƙanta. Mun kawo shi ne domin ƙa'idar da mutanen yankin suke maimaita wa kowane baƙo ta fito daga irin wannan hawaye: ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka iso, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake tsammanin buƙata, kuma idan abin hawanka ya lalace kada ka rabu da shi.

A nan ne muke ganin bambanci tsakanin jarumtaka da ganganci. Jarumi ya san haɗari, ya shirya masa, ya rage shi iyakar ƙoƙarinsa, sa'an nan ya fuskanci abin da ya rage saboda wani abu mai daraja. Mai ganganci ya raina haɗarin, ya bar wa waɗansu su biya. Mutum biyu suna iya hawa babur iri ɗaya a hanya ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ya yi abin yabo, ɗaya ya yi zunubi. Na farko ya duba tayoyinsa, ya tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki, ya bi dokar hukuma idan ta rufe hanya bayan ruwan sama, ya rage gudu inda ba ya ganin ƙasa, ya juya baya sa'ad da ya ga rana za ta faɗi masa. Na biyu ya ce shi ya iya. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya taɓa wannan batu a sakin layi na 2290, a ƙarƙashin doka ta biyar: ya koyar cewa wanda saboda maye ko son gudu ya jefa lafiyarsa da ta waɗansu cikin haɗari a hanya, ko a ruwa, ko a sama, ya ɗauki babban laifi. Mu lura cewa lafiyar shi kansa mai gudun tana cikin lissafin. Rai amana ce a hannunmu, mai amana kuwa ba ya caca da abin da aka ba shi ajiya.

Ba duk inda taya za ta iya zuwa ne namu ba

Akwai wani gwaji kuma da yake jiran mai babur a bakin tafkin. Fili ne fari, shimfiɗaɗɗe, ba shinge, ba mai gadi. Zuciya takan ce, sauka ka buɗe wuta. Tarihi ma yana zuga shi, gama a kan wannan tafki ne Donald Campbell, ɗan Ingila, ya yi gudun da ya wuce kilomita 648 a awa da motarsa a watan Yuli na 1964. Amma gishirin nan ɓawo ne kawai. A wurare da yawa, musamman a gefe, baƙin taɓo ne mai laushi a ƙarƙashinsa, wanda yake haɗiye taya. Sawun da aka bari a kai kuwa yakan daɗe shekaru bai goge ba.

Bayan wannan, tafkin yana da masu shi. A 2012 kotun tarayya ta amince da haƙƙin gado na mutanen Arabana a kan ƙasarsu, har da tafkin, wanda wuri ne mai tsarki a gare su. A 2025 gwamnatin jihar ta tabbatar da ƙa'idar da ta hana baƙi shiga kan tafkin don nishaɗi, ko da ƙafa, ko da abin hawa, ko da jirgin ruwa. Ana kallonsa daga baki ko daga sama. Waɗansu sun yi gunaguni, suna cewa halitta ta kowa ce, kuma bai kamata imanin wata al'umma ya ɗaure wanda ba ya cikinta ba. Wannan ƙorafi ne da ya cancanci amsa. Amsarmu ita ce, ba wanda ya tilasta wa baƙo ya gaskata abin da Arabana suka gaskata. An dai roƙe shi ya yi abin da kowane baƙo mai ladabi yake yi a gidan da ba nasa ba. Mu ma ba ma so wanda ba ya bin addininmu ya shigo wurin sujadarmu yana wasa, ko da shi a ganinsa gini ne kawai. Abin da baƙo ya rasa shi ne nishaɗin awa ɗaya. Abin da masu gida za su rasa shi ne gadon kakanninsu. Sa'ad da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sadu da 'yan asalin ƙasar a Alice Springs a watan Nuwamba na 1986, ya girmama al'adunsu da dangantakarsu da ƙasarsu, ya kuma goyi bayan a amince da haƙƙinsu a kanta.

Raina masu gida ya taɓa jawo mutuwa a wannan yanki. A 1861 masu bincike Robert O'Hara Burke da William John Wills suka dawo daga arewacin nahiyar a galabaice, suka iso rafin Cooper, ɗaya daga cikin kogunan da suke zuba cikin tafkin nan. Mutanen Yandruwandha suna zaune lafiya a wurin, suna kuma ba su kifi da abinci. Burke bai amince da su ba, har ya yi harbi ya kore su. Shi da Wills suka mutu a wurin da waɗansu suke ci suna ƙoshi. Abokin tafiyarsu John King ya nemi mutanen, suka karɓe shi, suka ciyar da shi har masu nemansu suka same shi a watan Satumba na shekarar. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji masu iya magana. Wanda ya yarda da makantarsa aka ja shi ya tsira.

Wajibin tsayawa

Idan matafiyi yana bin waɗansu bashin ransa, to, su ma suna binsa. Al'ada ce a hanyoyin dajin Ostareliya masu wucewa su ɗaga wa juna hannu ko yatsa, kuma idan aka ga abin hawa a tsaye a gefe, a rage gudu a tambaya ko lafiya. Kada mu ɗauka wannan abu ne mai sauƙi ga mai babur. Ruwan da zai ba wani daga nasa ne, man da zai tsiyaya daga tankinsa ne, kuma awa biyun da zai ɓata wajen taya wani facin taya suna iya sa dare ya yi masa a hanya, lokacin da shanu da kangaru da jiminar ƙasar suke fitowa kan titi. Tsayawa tana da tsada. Duk da haka ana tsayawa, domin kowa ya san idan ya wuce, mai yiwuwa ba wani da zai biyo baya sai gobe.

Wannan ya kamata ya ba mu kunya. A hamada, inda taimako ya fi tsada, mutane sun fi saurin tsayawa. A hanyoyinmu masu cunkoso, inda asibiti yake kusa, sau nawa ake kewaye wanda ya faɗi ana kallo, kowa yana jiran wani ya fara? Yawan jama'a ya zama mana mafaka daga lamirinmu. Kowa yana cewa akwai waɗansu, har a rasa ko ɗaya. Hamada ba ta ƙara wa mutum wani sabon wajibi ba. Ta dai kawar da taron da yake ɓuya a cikinsa, ya ga cewa shi ake jira. Misalin Basamariye mai jinƙai da muka sani tun muna yara a irin wannan wuri aka kafa shi: hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Yariko hanyar jeji ce, Yariko kuwa tana ƙasa da bakin teku, kusa da Tekun Gishiri. Waɗanda suka wuce a cikin misalin suna da uzurinsu, kuma wanda ya tsaya ya biya da mansa, da dabbarsa, da kuɗinsa, da lokacinsa.

A nan kuma muke ganin wani dalili na shiri da ba mu ambata ba. Wanda ya ɗauki ruwa daidai cikinsa ba shi da abin ba wani. Wanda ya tashi a makare yana tsere da rana ba shi da lokacin tsayawa. Wanda ya yi tanadi, ya bar rara a jarkarsa da rara a lokacinsa, shi ne yake iya zama maƙwabci. Ashe hankali da tsantseni ba son kai ba ne. Su ne suke ba ƙauna hannun da za ta yi aiki da shi.

Amsar tambayarmu

Da yamma, in Allah ya kiyaye, matafiyinmu zai shiga Oodnadatta da ƙura har cikin kunne, ya tsaya a sanannen wurin shan mai da cin abinci na garin, wanda aka shafa wa fenti ruwan hoda. Yana da ikon ya yi murna da abin da ya yi, gama hannunsa ne ya riƙe babur kilomita 400. Amma idan mai gaskiya ne, zai san cewa mutane da yawa ne suka kawo shi: waɗanda suka san maɓuɓɓuga, da masu raƙuma, da masu gyaran hanya, da likitan da bai kira ba amma yana shirye. Abu na farko da ya kamace shi shi ne ya sanar da wanda ya bar wa saƙo cewa ya iso lafiya, domin wani zai kwana da fargaba in bai ji ba.

Mun kai maganar "raina ne" wurin da ta fi ƙarfi, ba ta kuwa tsaya ba. Idan a tsakiyar hamada ran mutum yana ɗaure da na waɗansu haka, ina ga cikin garuruwanmu? 'Yancinmu na gaskiya ne, muna da ikon tafiya, da gani, da gwada ƙarfinmu. Sai dai an ba mu shi a tsakiyar mutane, kuma za a tambaye mu yadda muka yi da shi. Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda zai hau babur ko ya riƙe sitiyari a cikinmu, bari ya tuna da masu jiransa a gida kafin ya ƙara wuta. Idan mun shiga wurin da ba namu ba, mu tambaya, gama mai tambaya ba ya ɓata. Idan kuma mun ga wani a kwance a gefen hanya, kada mu duba ko akwai waɗansu. Mu ɗauka mu kaɗai ne za mu wuce ta nan yau.

Allah ya kiyaye matafiya, ya saka wa masu taimakonsu da alheri, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.